Kafin a Kai Tsohuwar Waya Filashin

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Jama'a masu sauraro, ga mu a shirinmu na faɗakarwa kan kimiyya da fasaha.

Yau maganarmu a kan tsofaffin wayoyin hannu take, irin su Nokia 3310 da 1100 da 6300 da N73 da N95, da kuma aikin nan na sabunta manhajar da ke tafiyar da su, wanda masu gyara a kasuwa ke kira filashin. Duk wanda ya taɓa kai waya gyara ya san yadda abin yake. Injiniya zai karɓa ya jujjuya ta, ya kunna, ya kashe, sannan ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, wannan fa sai an yi mata filashin." Sai mu ce to, mu miƙa kuɗi, ba tare da mun san abin da za a yi mata ba, balle abin da za mu iya rasawa. Burina kafin mu rabu shi ne kowa ya san mene ne wannan aiki, yaushe ya kamata a yi shi, yaushe ya kamata a bar shi, da kuma abin da mutum zai yi da hannunsa tun daga gida. Ku matso da biro da takarda kusa, akwai lambobin da zan karanto muku.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Wani zai ce, a wannan zamani na manyan wayoyi masu shafawa, me ya kawo maganar tsohuwar Nokia? Amsar tana cikin aljihunanmu. Tun da aka fara harkar GSM a Najeriya a watan Agustan 2001, irin waɗannan wayoyi ne suka fara shiga hannun talaka. Nokia 3310 ta fito a shekarar 2000, an kuma sayar da kimanin miliyan 126 a duniya. Nokia 1100, mai tocila a ka, ta fito a 2003, ita kuwa an sayar da kimanin miliyan 250. A shekarar 2005, lokacin da kamfanin Nokia na ƙasar Finland ya cika wayarsa ta biliyan ɗaya da ya sayar, wayar nan 1100 ce, kuma a Najeriya aka saye ta.

Har gobe suna nan suna aiki. Manomi yana tafiya gona da ita saboda batirinta na kwanaki bai ƙare ba. Makiyayi yana riƙe da ita a daji inda babu wurin caji. Ɗan kasuwa ya ware ta don layin banki, da ita yake danna lambobin tura kuɗi. Iyayenmu da idonsu ya yi rauni sun fi sakewa da maɓallin da yatsa ke ji. Wasu kuma sun adana ta a durowa saboda abin da ke cikinta: lambobin abokan hulɗa na shekaru, saƙonni, hotunan suna da na biki, ko muryar wani da ya riga mu gidan gaskiya. Saboda haka in irin wannan waya ta samu matsala, abin da ke cikin haɗari ya fi kuɗin wayar nesa ba kusa ba.

To mece ce wannan manhaja da ake sabuntawa? Ita ce manhajar tushe, wato jerin umarnin da kamfani ya rubuta ya dasa a cikin wayar tun daga masana'anta. Idan ka danna maɓallin kunnawa, ita ce ke fara tashi. Ita ke haska sikirin, ta karanta sim, ta nemo sabis, ta lura da cajin batir, ta san cewa in ka danna lamba biyar, biyar ɗin ce za ta fito. Tana zaune ne a cikin wata 'yar ƙaramar ma'ajiya da ke manne a jikin injin wayar, wadda ba ta manta abin da aka rubuta mata ko da an cire batir shekara da shekaru. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan mai suna Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro irin wannan ma'ajiya a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980.

Wannan ma'ajiya tana da wani hali da ya kamata kowa ya riƙe, domin duk haɗarin filashin daga gare shi ya taso. Ba a rubuta mata sabo a kan tsoho. Sai an goge gurbin tukuna, sannan a zuba sabon. Kamar mai sake rufin ɗaki ne a tsakiyar damina: dole ya yaye tsohon kwano kafin ya ɗora sabo, kuma tsakanin yayewa da rufewa akwai lokacin da ɗakin yake a buɗe. Idan hadari ya taso a daidai wannan lokaci, an shiga uku. Haka wayar take. Akwai 'yan mintocin da tsohuwar manhaja ta tafi, sabuwa ba ta gama zama ba. In batir ya mutu a lokacin, ko kebul ya motsa, ko kwamfuta ta ɗauke, sai a wayi gari da wayar da ko haske ba ta kawowa.

A yawancin tsofaffin wayoyin Nokia, manhajar tushe kashi uku ce, kuma za ku ji masu gyara suna ambaton sunayensu. Akwai MCU, ita ce uwar manhajar da ke tafiyar da komai. Akwai PPM, ƙunshin harsuna da haruffa. Akwai CNT, inda hotunan fuskar waya da sautukan kira da wasannin da suka zo da ita suke. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Wasu daga cikin wayoyin Nokia da aka kawo kasuwanninmu suna da Hausa a jerin harsunansu, wasu suna da Larabci. Duka a cikin PPM suke. Idan mai gyara ya zuba wa wayarka PPM na ƙasashen Turai saboda shi ya samu a kusa, wayar za ta tashi lafiya lau, amma Hausar ta tafi, saƙon Larabci kuma ya riƙa fitowa a matsayin 'yan akwatuna marasa ma'ana. Tsohon da da Hausa yake sarrafa wayarsa, an gyara masa ita an kuma raba shi da ita a lokaci guda.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Kada wani ya ɗauka sabunta manhaja ba shi da amfani. Yana da shi ƙwarai, kuma labarin Nokia N95 ya ishe mu shaida. Wannan waya ta shigo kasuwa a 2007, da kyamara mai kyau da na'urar GPS mai nuna wa mutum inda yake. Sai dai ƙwaƙwalwar aikinta megabayit 64 ce kacal, kuma manhajar Symbian da ke cikinta ta cinye mafi yawa. Mutum na cikin duba intanet sai wayar ta ce wuri ya cika, ta rufe shafin. GPS ɗin ma sai an tsaya a fili an yi ta jira kafin ya kama. A tsakiyar shekarar, siga ta 12 ta manhajar wayar ta zo da dabarar da ke sa GPS ya nemi taimakon sabis ɗin waya, sai ya koma kamawa da sauri. A watan Nuwamban 2007 kuma siga ta 20 ta fito, wadda ta koya wa wayar ta riƙa ɗauko ɓangaren manhajar da take buƙata kawai a maimakon ta lodo komai gaba ɗaya. Nan take wuri ya samu a ƙwaƙwalwa, rufewar shafuka ta ragu. Ba a canza ko ƙusa ɗaya a jikin wayar ba, amma wanda ya sabunta ya ji bambanci a hannunsa.

A wancan lokacin aikin mai sauƙi ne. Tun daga 2006 kamfanin ya fitar da wata manhajar kwamfuta mai suna Nokia Software Updater. Ka haɗa wayarka da kebul, ita da kanta za ta gane irin wayar, ta je rumbun kamfanin a intanet, ta ɗauko abin da ya dace, ta zuba. Kuskure ba shi da hanyar shiga sosai, domin kamfanin ne ke zaɓa maka fayil.

Yau wannan ƙofa a rufe take. Wayar Symbian ta ƙarshe, Nokia 808, ta fito a 2012. A watan Afrilun 2014 kamfanin Microsoft ya kammala sayen sashen wayoyin Nokia, daga bisani kuma aka rufe rumbunan da tsofaffin wayoyin ke ɗaukar sabuntawa. Wayoyin da suka fito da sunan Nokia daga 2017, har da sabuwar 3310, wani kamfani ne daban mai suna HMD Global ya yi su. Sunan ɗaya ne, cikin daban, kuma manhajar sabuwar ba ta shiga tsohuwar. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda zai sabunta tsohuwar Nokia a yau, da fayilolin da masu sha'awa da masu gyara suka adana zai yi aiki, da kuma tsofaffin kayan aiki da babu mai kula da su. Babu garanti, babu ofishin da za a kai ƙara. Nauyin zaɓen fayil ya dawo kan ɗan Adam, shi kuwa ɗan Adam ajizi ne.

Shi ya sa nake cewa filashin magani ne, kuma ba a shan magani sai da ciwo. Wane ciwo yake warkarwa? Wayar da ke tsayawa a kan tambarin Nokia ta ƙi wucewa. Wayar da ke kashe kanta tana kunnawa ba ƙaƙƙautawa alhali batirinta lafiyayye ne. Wayar da ke kawo farin sikirin bayan wata manhaja ta lalace a cikinta. Wani lokaci har da wadda ke rubuta "Contact Service", kodayake wannan saƙo yakan fito ne ko don lalacewar manhaja ko don lalacewar wani abu a jikin inji, sai an bincika. Sai kuma wanda ke son a mayar masa da harshen da babu a wayarsa.

Ga kuma abin da filashin ba ya yi, ku saurara da kyau. Ba ya gyara wayar da ta faɗa ruwa. Ba ya gyara bakin caji da ya ci, ko sifikar da ta mutu, ko maɓallin da ya daina dannuwa. Ba ya mayar da tsohon batir sabo. Ba ya mayar da waya mai 2G ta koma 4G, domin wannan a ƙirar injinta yake. Ba kuma zai dawo da WhatsApp ba: WhatsApp ɗin ya daina aiki a wayoyin Symbian tun ƙarshen watan Yunin 2017, a ƙananan wayoyin Nokia masu tsarin S40 kuma a ƙarshen 2018. Yawancin shafukan intanet na yau ma ba sa buɗewa a waɗannan wayoyi, saboda matakan tsaron da ake amfani da su yanzu sun girme su, ko da siga ta ƙarshe aka zuba musu. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi wa N73 ɗinka filashin ta koma yin WhatsApp, riƙe kuɗinka.

Mazauna ƙasashen waje kuma su lura: akwai inda aka kashe sabis na 2G gaba ɗaya, kamar Singafo a 2017. A irin wannan wuri tsohuwar 3310 ba za ta ga sabis ba ko da lafiyarta ƙalau. A nan gida Najeriya da Nijar kuwa 2G yana nan yana aiki.

Idan wayarka tana kira, tana amsawa, tana tura saƙo, ba ta da wata matsala, ka bar ta yadda take. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

(KIƊA NA TSAKIYAR SHIRI)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, idan yanzu kuka kamo mu, muna magana ne a kan sabunta manhajar tsofaffin wayoyin hannu. Yanzu mu ɗauka ciwon ya tabbata, aikin ya zama dole. Akwai matakai biyar, kuma huɗu daga cikinsu tun kafin a fara filashin ake yin su.

Mataki na farko, ka san wayarka da sunanta na gaskiya. Idan tana kunnuwa, danna tauraro, tsani, sifili huɗu, tsani. Na maimaita: *#0000#. Za ta nuna maka sigar manhajar da ke cikinta, da ranar da aka fitar da ita, da wata lamba da ke farawa da haruffa. Rubuta duka. Sannan ka kashe ta, ka buɗe murfin baya, ka cire batir. A ƙarƙashinsa akwai farar takarda manne, da ƙananan rubutu, watakila har ta yi ɗan ja saboda tsufa. Nemi inda aka rubuta nau'in wayar. A 3310 za ka ga NHM-5. A 1100 za ka ga RH-18. A 6300, RM-217. A N73, RM-133. Da wannan lamba ake neman fayil, domin sunan da ke gaban waya bai isa ba. Dubi N95: ta farko RM-159 ce, wadda aka yi wa kasuwar Amurka RM-160, baƙar nan mai gigabayit 8 kuma RM-320. Duka sunansu N95, amma in aka zuba wa ɗaya abincin 'yar uwarta, an kashe ta. A kan takardar akwai kuma wata lamba mai gurbi bakwai da ke farawa da 05. Ita ke nuna yankin da aka yi wa wayar da harsunan da ta zo da su. Ita ma rubuta ta.

Kafin ka mayar da murfin, akwai ƙarin bincike ɗaya. Kunna wayar ka danna tauraro, tsani, sifili, shida, tsani, wato *#06#. Lamba mai gurbi 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar da ta bambanta wayarka da kowace waya. Gwada ta da wadda ke kan takardar. In sun saɓa, to an taɓa canza wa wayar kwanso ko inji, kuma takardar ba abin dogaro ba ce. Akwai kuma jabun wayoyi masu ɗauke da sunan Nokia a goshi alhali injinsu na wani kamfani ne. Irin waɗannan manhajar Nokia ba ta shigarsu sam.

Mataki na biyu shi ne mafi girma a duk shirin nan: kwashe abin da ke ciki. A mafi yawan tsofaffin wayoyi, filashin yana share komai da ke cikin ma'ajiyar wayar, lambobi da saƙonni da hotuna da kalanda, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kwafe lambobinka zuwa sim, amma ka sani sim ba ya ɗaukar da yawa, sau da yawa bai wuce 250 ba, kuma yakan ɗauki lamba ɗaya ce ga kowane suna, ya datse dogayen sunaye. Idan wayar tana da Bluetooth, tura lambobin da hotunan zuwa wata waya. Idan tana da memori, mayar da hotuna da sautuka can. Mai kwamfuta da tsohuwar manhajar Nokia PC Suite zai iya kwafe komai a fayil guda. Idan kuwa irin su 3310 ce ko 1100, waɗanda ba su da Bluetooth ko memori ko ramin USB, to littafi da biro ne mafita. Zauna da yaro mai kyawun rubutu, kana karantowa yana rubutawa. Aikin yamma ɗaya ne.

A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Wayoyin Nokia suna ba mutum damar sa wa memori kalmar sirri. Da zarar an sa, wayar takan riƙe ta, ba ta sake tambaya, har mai ita ya manta ya taɓa sawa. Ranar da aka yi filashin, wayar ta manta ita ma. Sai a mayar da memori, ta ce a kawo kalmar sirri, babu wanda ya sani, hotunan shekara goma suna ciki a kulle. Don haka tun wayar tana da rai, shiga wurin saitin memori ka cire makullin, ka gwada memorin a wata na'ura ka tabbatar yana buɗewa. Sannan ka zare shi ka bar shi a gida, sim kuma ka zare shi ka riƙe a aljihunka.

Mataki na uku, gwada ƙaramin magani kafin babba. Sau da yawa manhajar lafiyarta ƙalau, saiti ne ya rikice. Lambar *#7780# tana mayar da saitin wayar yadda ya fito daga kamfani ba tare da ta share lambobi da hotuna ba. A wayoyin Symbian irin su N70 da N73 da N95, lambar *#7370# tana wanke wayar tas, ta share duk abin da ka zuba, don haka ba a danna ta sai an gama mataki na biyu. Duka biyun za su nemi lambar tsaro. In ba ka taɓa canza ta ba, 12345 ce. Waya da yawa da aka yanke wa hukuncin filashin, wannan kaɗai ya ishe su.

Mataki na huɗu, wuta. Batirin da ya shekara goma sha yana iya nuna maka a cike yake, minti biyu bayan haka ya faɗi warwas. Ɗora shi a kan tebur mai santsi ka juya shi da yatsa. In ya yi ta juyawa a kan cikinsa, ya kumbura, kada a yi aiki da shi, kada ma a ci gaba da cajinsa. A samo lafiyayye a cika shi. Kwamfutar da za a yi aikin da ita kuma ta kasance mai batirin kanta, ko tana haɗe da na'urar riƙe wuta, saboda mun san halin wutar lantarki a garuruwanmu.

Mataki na biyar shi ne aikin kansa. Ga mafi yawanmu, wannan na masu sana'a ne, irin waɗanda ke kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ko rumfunan gyara na garuruwanmu. Amma a nemi wanda ya daɗe a harkar, domin yaron da ya koyi gyara a kan wayoyin Android watakila bai taɓa riƙe kayan aikin waɗannan ba. A teburin tsohon hannu za ka ga wani ɗan akwati kamar gidan ashana babba, irin su JAF ko UFS ko ATF, da damin kebul a rataye, kowanne da irin wayarsa. Tsofaffi irin 3310 ba su da ramin USB. Kebul ɗinsu yana da 'yan allurai da ke sauka a kan wasu ɗigo-ɗigon tagulla a ƙarƙashin batir, a maƙale shi ya zauna daram. Na baya-bayan nan irin 6300 da N95 ana iya yi musu da kebul na USB da manhajar Phoenix, wadda asalinta ta cibiyoyin gyara na kamfanin ce. Waɗannan kayan aiki sun fi jituwa da tsofaffin kwamfutoci masu Windows XP ko Windows 7. Injiniya zai zaɓi fayilolin nan uku, ya sake duba lambar nau'in wayar, ya danna. Wani layi zai fara tafiya a hankali a fuskar kwamfuta, rubutu na gudu a ƙarƙashinsa, yana nuna ana gogewa, sannan ana rubutawa. A wannan lokaci ba a taɓa waya, ba a jan tebur, ba a zare komai, har sai wayar ta yi haske da kanta.

Akwai doka guda da ba a karya ta: ba a komawa baya. A wayoyin zamanin N73 da 6300 da N95, idan aka zuba sigar da ta gaza wadda ke ciki, tsarin tsaron wayar yakan ƙi ta, kuma sau da yawa wayar takan mutu. Amfanin lambar sigar da ka rubuta a mataki na farko ke nan. Sabuwar da za a zuba ta zama daidai da ita ko ta fi ta.

Idan tsautsayi ya faɗa aikin ya katse, kada a yi saurin jefar da wayar. Phoenix da akwatunan nan suna da hanyar tayar da wayar da ta mutu, kuma sau da yawa ana dacewa. Matasa masu son koyo da kansu, ina ƙarfafa muku gwiwa, sana'a ce mai kyau. Sai dai ku fara da wayar da ba a damu da ita ba, kuma ku sani kwafin waɗannan manhajoji da ke yawo a intanet da yawansu na ɗauke da bairos. Kada ku sauke su a kwamfutar da kuke harkar banki ko ajiye takardun aiki.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Saura magana ɗaya, ita ce ta amana. Kayan aikin da ke tayar da matacciyar waya, da su ne kuma ɓata-gari ke ƙoƙarin ɓatar da sawun wayar sata, ta hanyar cire makulli ko sauya IMEI. Ƙasashe sun ɗauki abin da zafi. Birtaniya ta yi doka tun 2002 da ta mayar da sauya wannan lamba laifi. 'Yan uwana masu gyara, idan aka kawo muku waya a kulle, mai ita bai san lambar tsaro ba, bai san ko suna ɗaya da ke ciki ba, ba shi da rasit ko kwali, ku dakata ku yi tambaya. Ladan aiki ɗaya bai kai mutuncin rumfa ba. Haka nan hotuna da saƙonnin da kuka gani a wayar mutane amana ce a wuyanku, ba a kwafa, ba a nuna wa na kusa. Mu kuma masu kai gyara, idan injiniya ya nemi shaidar mallaka, kada mu ji haushi. Wanda ya tambaye ka yau, shi ne zai tare wayarka gobe in ta ɓata.

Idan ka isa rumfar, ga tambayoyi huɗu da za ka yi cikin girmamawa. Malam, me ya nuna maka matsalar ta manhaja ce? Wace siga za ka zuba, kuma ta kai wadda ke ciki? Harshen da nake amfani da shi zai dawo? In wayar ta mutu a hannunka, yaya za mu yi? Mai gyara na ƙwarai ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyi, zai ma ji daɗi ya samu wanda ya san darajar aikinsa. Bayan an gama, kada ka tashi sai ka sa sim ka yi kira, ka duba harsuna, ka danna *#06# ka tabbatar lambar ba ta canza ba.

Ga aikin gida da zan bar mu da shi a wannan mako, ko da wayoyinmu lafiyarsu ƙalau. Kowa ya duba tsohuwar wayar da ke gidansu, tasa ko ta mahaifi ko ta kaka. A rubuta nau'inta da sigarta da IMEI a littafi, a kwafe lambobin da ke ciki, a cire makullin memori in akwai. Wayar da ke ajiye ba a amfani da ita kuma a zare mata batir, kada ya kumbura ya lalata injin. Wayar da ta riga ta ƙi tashi ba ta ba mutum damar kwashe komai, don haka yau da take kunnuwa ne lokacin yi.

A nan za mu dasa aya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)